Wata bakwai ina ba wani yaro a Makka aikin barmaja: ga abin da na gani

Shekara tara ke nan ina kan keken surfani na kwamfuta a wani shago a Hindawiyya, nan Jidda. Ƙirar Tajima ce mai kai shida, wato mai ɗinka kaya shida a lokaci guda, ta tsufa, amma ba ta taɓa kunyata ni ba. Abu ɗaya ne ban iya ba har yau, wato mayar da hoto ya zama fayil ɗin da keke zai karanta. A nan barmaja ake ce wa aikin, wasu kuma fancin suke cewa, sunan da ya samo asali tun lokacin da ake huda doguwar takarda keke ya bi ramukan. Abokan sana'a sun dame ni da tambayar wa yake haɗa min zane kwanan nan, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Yaro ne ɗan Hausawa haifaffen Makka, wajen Shara Mansur yake zaune, ba shi da shago, daga ɗakinsa yake aiki da Wilcom, manhajar haɗa zanen surfani. Ta WhatsApp muke komai. Ban ga fuskarsa ba sai da muka yi wata huɗu muna hulɗa.

Abin da ya haɗa mu jakunkuna ne guda 300 na wani mai kawo 'yan Umra, ana son tambarin kamfani da sunansa da Larabci a gaban kowace. Na fara ba wani mai arha, riyal 15, cikin minti ashirin ya turo. Da na sa a keke sai allon ya nuna ɗinki 14,000 da 'yan kai, canjin zare tara, alhali launi uku ne kacal a tambarin. Na gane hoton ya jefa wa manhaja ta yi masa da kanta. Keken ya yi ɗinki kaɗan ya tsaya ya yanke zare, ya yi tsalle can gefe, ya dawo, ya sake yankewa. Na zauna na ƙirga, yanka 61. Minti 26 jaka ɗaya ta ci, bayanta kuwa kamar gemun akuya saboda guntayen zare.

Wani abokina ya ba ni lambar yaron. Na tura masa hoton na ce nawa? Maimakon ya faɗi kuɗi sai ya ce, “Kawu, wane irin yadi ne, faɗin santimita nawa kake so, kuma wane keke gare ka?” Na ɗan ji haushi a lokacin, don sauri nake. Daga baya na fahimci duk wanda bai yi maka waɗannan tambayoyi uku ba, zane kawai zai yi maka, ba aikin keke ba.

Riyal 40 ya karɓa, sai washegari ya turo. Ɗinki 9,200, launi uku, yanka 12. Da gudun ɗinki 750 a minti, wanda a kai nake barin keken don ba na son matsa wa tsohuwa, minti 14 aka gama. Ku yi lissafi da kanku: jaka 300 a kai shida zagaye 50 ne, kowane zagaye na rage minti 12, awa goma ke nan cif. Wuni guda na aiki riyal 25 ɗin da na ƙara ta saya min, ban da zare da bobin.

Ranar da ya zo Jidda na sa shi ya buɗe kwamfutarsa ya nuna min yadda yake yi, muna shan shayi. Kafin ya taɓa komai, sai ya zura wa hoton ido ya tsara hanyar da allura za ta bi, kamar mai shirin zuwa kasuwa da ba ya son bin layi ɗaya sau biyu. Duk abin da yake launi ɗaya a gama shi a tafiya guda, abin da ke ƙasa ya riga na sama. Inda zai tashi daga wannan yanki zuwa wancan, ba ya barin keke ya yanke, sai ya ja siririn ɗinki ta wurin da ya san wani aikin zai zo ya rufe daga baya. Inda wannan harafi ya ƙare, nan kusa na gaba zai fara. Rubutun Larabci a nan yake ba mutane wuya, saboda ɗigo. Harafin shin kaɗai ɗigo uku gare shi, in aka bar wa manhaja kowane ɗigo yanka ne. Shi yakan haɗa su da ɗan gajeren tsalle, ko ya ratsa daga jikin harafin in tazarar ba ta kai a gani ba.

Wani abin da ya ba ni dariya shi ne da'irar tambarin. A kwamfuta ta yi kamar ƙwai, na ce masa ɗana, wannan ai ta karkace. Ya ce in bari ta hau yadi tukuna. Zare yana jan yadi ya tsuke shi ta ɓangaren da ɗinkin yake kwanciya, ya kuma tura shi waje ta ɗaya ɓangaren, don haka yake ƙara kusan milimita 0.3 a gefen da zai tsuke. A kan jakar da'irar ta fito zagaye sak. Haka ɗinkin shimfiɗa da yake fara yi a ƙasa kafin na sama: shi yake kama yadin da fazlin, wato abin da ake shimfiɗawa a bayan yadi don ya ƙarfafa shi, shi ya sa ba ya buƙatar cusa zare. Tazarar da ya saba bari tsakanin layi da layi milimita 0.4 ce da zare lamba 40, a yadi mara nauyi kuma yana buɗewa fiye da haka. In satin, wato ɗinkin da zare yake kwanciya daga gefe zuwa gefe, ya yi faɗi da yawa yakan raba shi ko ya mayar da shi tatami, mai cike fili da gajerun ɗinki, tunda Tajima ba ta wuce milimita 12.1 a ɗinki ɗaya, kuma tun kafin a kai nan dogon zare ya fara maƙale wa mutum a farce. Rubutun da bai kai milimita 5 a tsayi ba kuwa kai tsaye yake cewa ba zai fito ba, sai dai a sa zare lamba 60, wanda ya fi siriri, da ƙaramar allura, ko mai kaya ya haƙura a ƙara girma.

To amma yana da nasa. Na farko, saurin amsa ba halinsa ba ne. A watan azumi, lokacin da abayoyi suka cika mana shago, saƙon da na tura da hantsi sai bayan tarawihi ake buɗe shi. Na biyu, fayil irin DST, wanda keke yake karantawa, kawai yake bayarwa. Wanda ya san aikin ya san DST umarnin allura ne zalla, ko launi ba ya riƙewa, kuma in ka ƙara masa girma ya wuce kashi goma cikin ɗari yawan ɗinkin ba ya ƙaruwa, sai yadi ya riƙa leƙowa ta tsakani. Asalin fayil ɗin, EMB, wanda ake iya gyarawa a ciki, sai ka ƙara kuɗi. Ban ga laifinsa sosai ba, guminsa ne, amma da ya faɗa min tun farko da ban sha mamaki ba ranar da nake son mayar da tambarin jaka ya hau bayan riga.

Inda ya fi ba ni kunya shi ne aikin gida. Wani dattijo ya kawo shadda yana son aska biyu a babbar rigarsa ta Sallah. Yaron ya haɗa aikin tsaf, babu yanka ko ɗaya na banza, amma sai ya fito sumul yana sheƙi kamar tambarin banki. Bai taso yana ganin surfanin hannu ba, bai san cewa ƙananan idanun nan da ɗan kaushin da ke jikinsa su ne kyan abin ba. Dattijon ya shafa, ya yi shiru, ya ce, “Malam, aiki ya yi kyau, amma ba rigarmu ba ce.” Sai da na aika wa yaron tsohuwar rigar mahaifina ta hannun direban tasi, ta yi kwana uku a wurin yaron, sannan zane na biyu ya ɗan kama hanya. Bai karɓi ko sisi a kan gyaran ba.

Abaya ɗaya ta yadin nida ta taɓa tattarewa a hannuna, amma wannan ni ne ban gaya masa yadin ba, na ɗauki fayil ɗin da ya yi don yadi mai kauri na ɗora.

Tambari, rubutun Larabci, hula da kayan makaranta, har yanzu shi nake ba. Oda ta bikin ranar ƙasa ta Saudiyya ta 23 ga Satumba ma tun farkon Agusta na tura masa, don na san halinsa. Aikin babbar riga kuwa, in mai ita dattijo ne, ina sa a turo min fayil daga Kano, shi kuma yaron ya rage min yankan.