Kwas ɗin da na yi kafin mu kwashe imel ɗin ofis daga Gusau zuwa kilawud

Shekara takwas ina kula da sabar imel (babbar kwamfutar da ke karɓa da ajiye saƙonnin ma'aikata) ta wani kamfanin sayen amfanin gona a nan Gusau, mai ƙananan ofisoshi a Ƙauran Namoda da Talata Mafara. Manhajar imel ta Microsoft, Exchange Server 2016, muke amfani da ita a lokacin, na kuma san halinta kamar yunwar cikina. To, Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar da za ta daina tura wa ta 2016 da ta 2019 gyaran tsaro. Duk wanda ya kwana a ofis a watan Maris na 2021 yana toshe ɓarakar da 'yan kutsen Hafnium suka bi, ya san barin saba ba gyara daidai yake da barin shago a buɗe a tafi Juma'a. Shi ya sa na biya kuɗin wani kwas na mako shida ta intanet kan Exchange da yadda ake kwashe imel zuwa kilawud, wato sabobin da ke intanet, a wata cibiyar horaswa da ba zan kira sunanta ba.

Makon farko ɓata lokaci ne, tarihin Exchange kawai da hotuna. Daga mako na biyu abin ya kankama, domin kowa an ba shi sabobin gwaji da zai lalata ya sake ginawa yadda ya ga dama. Malamin bai yarda da yawan danna maɓalli ba, komai sai ta PowerShell, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni. Na ji haushi da farko, ni da na saba da linzami. Sai ranar da na canja saitin akwatunan imel hamsin da layi ɗaya na rubutu, na daina ƙorafi.

Ya shimfiɗa mana hanya biyu. Ko dai ka zauna da sabarka ka koma Exchange Server SE da ta fito a Yulin 2025, wadda ake biyan kuɗinta ta rajista, ko ka kwashe zuwa Exchange Online, wadda ke kan sabobin Microsoft a kilawud. Ta farkon tana son injin kirki. Tun a ta 2019, abin da Microsoft ta ba da shawara shi ne ƙwaƙwalwa mai gigabayit 128, namu injin kuwa ko rabi bai kai ba, ga kuɗin dizal ɗin janareta da na sanyaya ɗaki.

Darasin haɗa saba da kilawud su yi aiki tare shi ne ya biya ni kuɗina. Ka fara daidaita sunayen ma'aikata tsakanin sabarka da kilawud ta manhajar Entra Connect, sannan ka riƙa kwashe akwatuna rukuni-rukuni. Kowane rukuni zai kwafu ya kai kashi 95 cikin ɗari ya tsaya yana jiranka, mai akwatin na ta aikinsa bai ma sani ba, sai dare ya yi ka ƙarasa. Ya kuma nanata mana a rage wa'adin da sauran sabobi ke riƙe bayanin MX (adireshin da ke nuna inda za a kai saƙonninka) tun kwanaki kafin a juya shi zuwa kilawud, a kuma gyara SPF da DKIM, masu shaida cewa saƙo daga gare ka ya fito, in ba haka ba saƙonka ya riƙa faɗawa kwandon shara a wurin abokan ciniki. Na bi wannan tiryan-tiryan, akwati 74 suka haye ba wanda ya rasa saƙo ko ɗaya.

Inda kwas ɗin ya gaza, an tsara shi ne domin mai intanet da ba ya yankewa. A watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, imel ɗinmu na cikin gida bai tsaya ba, tunda sabar na ɗaki na gaba. Yanzu kuwa mutum biyu a teburi ɗaya, sai saƙonsu ya fita duniya ya dawo. Na kawo wannan a aji, malamin ya ce mu nemi layi na biyu, ya wuce. Ni na zauna na lissafa dare nawa tsofaffin saƙonninmu za su ci kafin su hau, na kuma saita Outlook (manhajar karanta imel) ɗin kowa ya riƙa ajiye kwafi a kwamfuta saboda ranar da sabis ya ɗauke. Maganar kuɗin lasisi da ke bin farashin dala ma ba a taɓa ta ba, alhali ita ce tambayar maigidana ta farko.

Wani abin kuma a fagen fama na gamu da shi. Washegarin ƙaura, Alhajin da ke riƙe mana asusu ya kira ni: "Kai yaro, mi ka yi wa na'urata?" Outlook 2010 ce a kwamfutarsa, wadda Exchange Online ta daina karɓa tun Nuwamban 2021. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni awa ɗaya." Sai da na ci uku.

In kana riƙe da tsohuwar Exchange a ofis irin namu, kwas ɗin ya cancanci kuɗinsa saboda sabobin gwajin nan kaɗai. Ka dai shiga da jerin kowace kwamfuta da waya da injin sikanin da ke tura imel a ofishinku, ka kuma tambaya tun farko ko ana naɗar darussa, don ni sau huɗu sabis na yanke min ana tsakiyar bayani.