Ertugrul, Umar Mukhtar ko Yaƙin Aljiyas: Wanne Za Ka Sa A Tura Maka?

Idan ka shiga shagon tura fim a Titin Bauchi ko wajen Taminus a nan Jos, ka ce fim ɗin yaƙin tarihi kake so, irin wanda aka kafa ƙasa da jini da takobi, kafin ka rufe baki mai shago zai ce, "Alhaji, a sa maka Ertugrul?" Ba laifi. Amma kafin ka miƙa memori da kuɗinka, akwai guda uku da ya kamata ka auna, don abin da suke ci na kuɗi da lokaci ya bambanta, haka ma abin da suke bari a zuciyar mai kallo.

Tashar TRT 1 ta Turkiyya ce ta fara nuna Ertugrul a Disambar 2014, ya ƙare a 2019. Zango biyar ne, kashi 150, kowane kashi wajen sa'o'i biyu, wato kusan sa'o'i 300 ke nan. Wanda aka yayyanka gajeru kuwa lambarsa ta haura 400, kuma da yawan masu tura fim kashi-kashi suke lissafi. Don haka ka yi cinikin zango guda tun farko, ka kuma tabbata memorinka zai ɗauka.

Labarin mahaifin Usman ne, Usman ɗin da ake danganta kafuwar Daular Usmaniyya da shi wajen 1299, daular da ta kai har 1922. Masu son fim ɗin, musamman magidanta da matan aure, tarbiyyarsa suke yabo: suturar mata, yadda jarumi ke rusunawa gaban mahaifiyarsa, shawara a fada, addu'a kafin a fita daga. Uba da 'ya'yansa za su zauna su kalla ba wanda zai sunkuyar da kai. Wannan yabo ya dace da shi. Masu suka kuma jan labari ne ya gundure su. A kashe maci amana yau, gobe wani ya ɓullo. A kama jarumi, ya kuɓuta, a sake kama shi. Su ma ba su yi ƙarya ba.

Ni abin da ya fi damuna daban ne. Abin da tarihi ya adana game da Ertugrul kaɗan ne ƙwarai: sunansa a jikin kuɗin da aka buga da sunan ɗansa Usman, kabarinsa a garin Sogut, sai labaran da aka rubuta fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa. Sauran duk marubutan fim ne suka cike. Shehu Ibn Arabi da ake nunawa yana yi masa nasiha ya rasu a Dimashƙa a 1240, kuma babu hujjar cewa sun taɓa haɗuwa. Amma sai ka ji matasa a majalisa suna kafa hujja da fim ɗin kamar littafin tarihi suka karanta. Ci gabansa, Kurulus Osman, da tashar ATV ta fara a 2019, ya fi shi kaya da yawan faɗa, hanyar dai ɗaya ce.

Na biyu shi ne Lion of the Desert, wanda mutanenmu suka fi sani da Umar Mukhtar. Mustafa Akkad ne ya shirya shi, mutumin Siriya da ya yi Ar-Risala, gwamnatin Gaddafi ta ba da kuɗin, Anthony Quinn ya fito a matsayin dattijon, wato Umar Mukhtar. Bai cika sa'o'i uku ba, a dare ɗaya an gama. Kuma ƙashin bayan labarin gaskiya ne. Italiya ta shiga Libiya a 1911, wannan malamin makarantar allo ya yaƙe ta wajen shekara ashirin, Janar Graziani ya tsare jama'a a sansanoni cikin hamada, aka kama Umar Mukhtar aka rataye shi ranar 16 ga Satumba 1931 a gaban dubban mutanensa. Libiya ba ta samu 'yanci ba sai 1951. Italiya ta hana nuna fim ɗin shekara da shekaru, sai a 2009 aka sa shi a talabijin a can. Dattawa shi suka fi so. Matasa kan ce ba su son fim ɗin da jarumi ke mutuwa a ƙarshe.

Idan ɗaya kawai za ka saya, shi nake ba ka shawara, kuma ina da dalilin da ya shafe mu. Garin nan ya ga rikicin 2001, ya ga na 2008 da 2010, har yau akwai unguwannin da wasu ke shakkar shiga. A Ertugrul abokan gaba 'yan Salibiyya ne da Rumawa da Mongol, kuma akasarinsu an zana su mugaye tsantsa. Yaron da ke zama aji ɗaya da ɗan maƙwabcinsa Kirista, idan ya sha wannan sa'o'i ɗari uku ba babba a kusa, me zai ɗauka? A Umar Mukhtar kuwa, dattijon ya hana yaransa kashe sojan Italiya da suka kama, kuma cikin hafsoshin Italiyan akwai wanda ya tsaya ya kare shi a kotu. Zalunci ake yaƙa a can, ko wa ya aikata shi. Ban ce kada a kalli Ertugrul ba. A zauna da yara, a riƙa faɗa musu inda ƙage yake.

Na uku, The Battle of Algiers (Yaƙin Aljiyas) na 1966, shi ne ya fi dacewa da sunan fim ɗin haihuwar ƙasa, don yaƙin 1954 zuwa 1962 da ya raba Aljeriya da Faransa yake nunawa. Baƙi da fari ne, wajen sa'o'i biyu, Larabci da Faransanci, kuma Sa'adi Yasif, ɗaya daga cikin jagororin ainihi na FLN, ƙungiyar da ta yi yaƙin neman 'yancin Aljeriya, ya fito a ciki. Bai ɓoye azabtarwar sojan Faransa ba, bai kuma ɓoye bam ɗin da matan FLN suka ajiye a wuraren shan shayi, inda fararen hula suka mutu ba. Wasu kan ce ya yi musu kama da labarai. Na manya ne da ɗalibai, kada a sa wa yara. Ba kowane shago ke da shi ba, sai an nema.

Saura batun fassara. Ta Hausa ta fi daɗi ga iyali, amma wasu masu fassarar kan cusa barkwanci da maganar da babu ita a asali, mai rubutu a ƙasa kuma sai wanda idonsa ke saurin karatu. Ko wacce ka zaɓa, ka sa mai shago ya kunna maka kashi biyu ko uku daga tsakiya, ka ji ko murya na tafiya da baki, ka ƙirga lambobin ka ga ba a tsallake ko ɗaya ba, sannan ka biya.