Ɓoye mai kisa ko nuna shi tun farko: Orient Express da Rope

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi riƙe mai kallo: fim ɗin da ke ɓoye mai kisa har ƙarshe, ko wanda ke nuna shi tun farko. Bari mu ɗora biyu a kan sikeli.

Murder on the Orient Express, wanda Sidney Lumet ya shirya a 1974 daga littafin Agatha Christie, na ɓoyewa ne. Dusar ƙanƙara ta tare jirgin ƙasa a Yugoslabiya, gari ya waye an tarar da gawar wani fasinja mai suna Ratchett da sukan wuƙa 12. Poirot, gwanin binciken laifi da ke cikin jirgin, yana kiran fasinjoji ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi, kai kuma kana gefe kana tsintar ƙarya. Son sani ne ke riƙe ka. Ƙwaƙwalwa na aiki, amma gaba ba ya faɗuwa sosai, domin mai mutuwa ya riga ya mutu.

Rope na Alfred Hitchcock, 1948, bai ɓoye maka komai ba. Fim na buɗewa, samari biyu, Brandon da Phillip, sun shaƙe abokinsu David da igiya, sun cusa gawar cikin wani babban akwatin katako a falonsu. Sannan suka jera abincin liyafa a kan akwatin. Cikin baƙin har da mahaifin mamacin da budurwarsa, suna ta tambayar me ya hana David zuwa. Kai ka sani, su ba su sani ba, kuma ba ka da bakin faɗa musu.

Akwai wurin da nake so ka lura da shi. Mai aikin gidan, Misis Wilson, tana kwashe kwanuka daga kan akwatin. Ta je ta dawo, ta cire kyallen da aka shimfiɗa, ta ɗauko littattafan da za ta mayar ciki. Baƙi na can gefe suna hira, muryoyinsu kawai kake ji, kyamara ta ƙi barin akwatin. Har ta fara ɗaga murfin kafin Brandon ya tare ta. Babu ihu, babu jini, amma numfashinka sai ya tsaya. Dogayen ɗauka da Hitchcock ya yi, wasu kusan minti 10 ba yankewa, su suka hana ka samun ƙofar fita daga falon nan. Ga kuma rashin imanin Brandon: da igiyar kisan ya ɗaure littattafan da ya miƙa wa uban.

Ni dai Rope na zaɓa. Orient Express yana da daɗi matuƙa a kallon farko, musamman bayanin Poirot na ƙarshe, wanda ba zan tona maka ba. Amma da ka san amsar, rabin ƙarfinsa ya tafi. Rope kuwa ko ka haddace shi, idan matar nan ta nufi akwatin sai gabanka ya sake faɗuwa.