Shafin IReV na Hukumar Zaɓe: Amfaninsa da Iyakarsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar zaɓe har lokacin da aka zazzage akwati ya san cewa ba a wurin ƙirga ake samun mafi yawan ta'adi ba. A gaban jama'a ake ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, mutane suna amsa lissafin da baki ɗaya, sannan malamin zaɓe ya rubuta alƙaluman a takardar sakamakon rumfa da ake kira EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu. Fargaba tana farawa ne bayan an naɗe takardar an nufi cibiyar tattara sakamako, domin a kan wannan hanya ce 18 kan iya komawa 180. Domin toshe wannan kafa Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, wato INEC, ta buɗe shafin IReV na intanet, inda ake ɗora hotunan takardun sakamakon rumfuna domin kowa ya gani, wanda ta fara gwadawa a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a watan Agustan 2020.

Tsarin aikinsa ba shi da wuyar fahimta. Na'urar BVAS, wadda ake tantance masu kaɗa ƙuri'a da ita ta hanyar zanen yatsa ko fuska, ita ce ake ɗaukar hoton takardar sakamako da ita, a tura shi zuwa shafin. Mai dubawa zai zaɓi nau'in zaɓen, ya bi jiha, ƙaramar hukuma da mazaɓa har ya isa rumfarsa, sai ga takardar da rubutun hannun malamin zaɓe da hatiminta. A ganina nan ne darajar shafin take, kuma ba ƙarama ba ce. Mutumin da yake ƙauye a Jigawa, in dai yana da waya da ɗan data, zai iya ganin takardar da a da ba kowa ke iya ganinta ba da zarar an bar rumfa. Wannan haƙƙi ne da aka daɗe ana tauye wa talaka.

Sai dai ranar da aka fi buƙatarsa ce ya ba da kunya. A zaɓen 25 ga Fabrairun 2023, ana ta ɗora sakamakon 'yan majalisun tarayya, amma na shugaban ƙasa ya tsaya cak na tsawon sa'o'i, hukumar kuma ta ce tangarɗar na'ura ce. An bayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya yi nasara ranar 1 ga Maris alhali ba a kammala ɗora takardun rumfuna fiye da 176,000 ba. Ko da a ce babu wanda ya taɓa alƙalami ko ɗaya, wannan jinkiri ya isa ya rusa amanar da aka shafe watanni ana ginawa, musamman da yake shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sha tabbatar wa 'yan ƙasa cewa za a ga sakamako kai tsaye. A zaɓen gwamnoni na 18 ga Maris shafin ya yi aiki da sauri ƙwarai, abin da ya nuna cewa iyawar tana nan.

Akwai kuma naƙasu a cikin tsarin kansa. Hotuna kawai yake nunawa, ba ya haɗa jimilla, saboda haka wanda yake son sanin abin da ƙaramar hukuma guda ta bayar sai ya buɗe ɗaruruwan takardu ya yi lissafi da hannunsa. Masu sa ido sun ba da rahoton hotunan da suka fito dishi-dishi ba sa karantuwa. Inda layin sadarwa ba shi da ƙarfi kuwa, dole a jira.

Babbar iyakarsa ta fito ne daga bakin shari'a. A ranar 26 ga Oktoban 2023, Kotun Ƙoli ƙarƙashin jagorancin Mai Shari'a Inyang Okoro ta yi watsi da ƙarar Atiku Abubakar da ta Peter Obi, ta bayyana cewa IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, kuma rashin ɗora takardu a kansa bai isa ya soke zaɓe ba. Dalilin shi ne Dokar Zaɓe ta 2022 ta bar wa hukumar ikon tsara yadda za a aika da sakamako, ba ta wajabta ɗorawa a shafin ba. Ba na ganin laifin alƙalan a nan, domin abin da majalisa ta rubuta suka karanta, amma hukuncin ya koya mana cewa mun ɗora wa shafin nauyin da dokar lokacin ba ta ɗora masa ba.

Duk da haka ina ba wakilan jam'iyyu, 'yan jarida da kowane mai ƙuri'a shawarar su yi amfani da shi, da sharaɗi ɗaya: kada su bar rumfa sai sun ɗauki hoton sakamakon da aka manna a bango da wayarsu, domin su sami abin da za su kwatanta da wanda zai bayyana a shafin.