Walili ko Maulay Idris: ina za ka fi daɗewa?

Masu zuwa Meknes a Maroko sukan yi wannan tambaya. Wuraren biyu suna kusa da birnin, kuma tsakaninsu bai wuce kilomita 5 ba.

Kangon Rumawa na Walili sai da tikiti, kuma fili ne fetal babu inuwa. Ka je da sassafe da ruwanka, ka ga adon ƙananan duwatsu a daɓen gidaje da ƙofar Caracalla, sarkin Rumawa, ta shekarar 217 Miladiyya. Garin Maulay Idris shigarsa kyauta, amma hawa ne da matakala, mai ciwon gwiwa zai sha wuya. Hubbaren Idris na Farko, sarkin da garin ya ci sunansa, wanda ya rasu a 791, Musulmi kaɗai ke shiga.

Mai sha'awar tsoffin gine-gine ya ba Walili awa biyu. Mai niyyar ziyara ya yi yammacinsa a garin.