SNMP v2c ko v3: wanne za a kunna a cibiyar jarrabawa?

Malam, ka ce kana kula da wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a wajen Ƙofar Ƙaura, kana son sa ido a kan rauta da suwici (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci) ta SNMP, wato ka'idar da ake tambayar na'urorin sadarwa halin da suke ciki, amma ka rasa wanda za ka kunna tsakanin nau'insa biyu, v2c da v3.

Aikinsu ɗaya ne. Manhajar sa ido irin Zabbix ko PRTG takan tambayi na'ura ta tashar UDP 161, wato ƙofa mai lamba da saƙon ke shiga: data nawa ta bi ta wannan kafar da ake cusa waya, tun yaushe kike kunne? Na'urar ta amsa. In waya ta tsinke kuwa, ita da kanta take kai rahoto ta tashar 162, ba sai an tambaye ta ba.

Inda suka rabu shi ne tsaro. v2c ya fito a 1996, kuma duk kariyarsa kalmar sirri ce guda ɗaya, wadda ke bin waya a fili. Duk wanda ya samu hanyar leƙa layin da Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke bin waya, zai karanta ta. Ga shi na'urori da yawa da kalmar "public" suke zuwa, masu haɗawa kuma ba su cika canza ta ba. In aka yi rashin sa'a an buɗe izinin rubutu, wato na canza saitin na'ura, mai kutse na iya kashe kafar suwici ana tsakiyar jarrabawa. Wannan ne ya fi damuna, domin baƙin hannu ba sa yankewa a irin ɗakinka.

Shi kuwa v3, da aka kammala daidaita shi a 2002, kowane mai amfani da sunansa. Ana tantance shi da SHA, a lulluɓe saƙon da AES, waɗanda duka dabarun tsaro ne na lissafi. Saitinsa ya fi cin lokaci, harafi ɗaya ya kuskure sai na'ura ta ƙi amsawa, amma wahalar yini guda ce.

Kada ma ka waiwayi v1 na 1988: ma'auninsa na ƙirga data, mai bit 32, yakan cika ya koma sifili cikin kamar daƙiƙa 34 a layin gigabit da ya cika.

Ni dai v3 zan sa a rauta da duk suwicin da ya karɓe shi, rautar kamfanin MikroTik ma tana karɓa. Tsohuwar firinta ko UPS (na'urar riƙe wuta in an ɗauke) da v2c kaɗai ta sani, ka canza mata kalmar, ka bar ta a karatu kawai, ka kuma hana ta amsa wa kowa sai adireshin IP na kwamfutar sa ido.