Rubutu a kan faifai ko kulle shi: wanne ya fi kafin ka sayar da kwamfuta?

Wanda zai kai laptop kasuwa a Sakkwato ya sani cewa danna Delete, ko yin Quick Format, ba ya taɓa ainihin bayanan. Sunan fayil kawai ake cirewa, kuma manhaja irin su PhotoRec ko Recuva na iya dawo da hotuna da takardu.

Hanya ta farko ita ce a rubuce faifan ajiyar bayanai (hard disk) gaba ɗaya da sifili, don sabon rubutu ya danne tsohon. A Windows, umarnin cipher /w:C: yana bi ta kan sararin da ya zama fanko ne kawai, wato gurbin fayilolin da aka riga aka goge, a Linux kuma akwai umarnin shred. Ga tsohon faifai mai juyawa, zagaye ɗaya ya wadatar. Sai dai yana cin lokaci: zagaye ɗaya a kan faifan 500GB zai ɗauki kusan awa ɗaya da rabi ko fiye, don haka a jona caja, kada NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.

A kan SSD kuwa, wato sabon nau'in faifan da ba ya juyawa, wannan dabara ba abin dogaro ba ce. Faifan da kansa yake rarraba inda rubutu zai sauka, wasu ɓangarori na ajiya ba a kai gare su.

Nan kullewa ta fi. Idan tun farko an kunna BitLocker (manhajar kulle faifai ta Windows) ko FileVault (ta Mac), abin da ke ciki ya zama shirme ga wanda ba shi da mabuɗi, sai a goge faifan a sake girka Windows ko macOS. Amma fa a duba asusun Microsoft: mabuɗin ceto na BitLocker mai lambobi 48 yakan zauna a can, a goge shi ma.